Kurakuran da masu hawan jini da kolestarol suka fi yi da abinci

Kawuna da ke Agege ya fi shekara yana shan magani jinin ya ƙi sauka, kullum cewa yake ai jabu aka sayar masa, sai da na kwana biyu gidansa na ga cin da yake yi: miyar kuka da maggi huɗu ga kanwa, da dare tsire da yaji, goro kuwa ba ya barin bakinsa. Ita kanwar nan da muke raina wa sodiyam ne fal cikinta kamar gishiri, haka ma maggi. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi gishirin da mutum zai ci a rana kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, kuma har na cikin kilishi da biredi ake lissafawa. Na ce Kawu a rage, a ƙara daddawa da tafarnuwa, miya ba za ta yi lami ba.

To wasu daga jin haka sai su koma gishirin masu hawan jini na manyan kantuna, shi kuma fotasiyam ne a ciki, in kana kan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan ko spironolactone dama jikinka yana riƙe fotasiyam, in ya taru bugun zuciya yake rikitawa. Kar ka saya sai ka tambayi likita.

Wanda ya fi ba ni tsoro garehul ne, babban lemon nan mai ɗaci da ake zubewa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Mutane na ɗauka yana narka kitse suna matsewa suna sha, alhali in maganin kolestarol irin su simvastatin ko atorvastatin kake sha hana jiki sarrafa maganin yake yi, sai ya taru a jini ya yi ta cin tsoka. Kuma wai in sha da safe in haɗiyi magani da dare ba dabara ba ce, tasirinsa ya fi kwana ɗaya. Ka sha lemon zaƙi kawai. In tsoka ta fara ciwo fitsari ya yi duhu kamar shayi, asibiti a ranar.

Zoɓo ma yana ɗan saukar da jini, kofi ɗaya ba komai, amma gora guda kan magani jiri zai kwashe ka a cikin danfo. Agbo kuwa, wato jiƙon maganin gargajiya na Yarbawa, dan Allah a bari, ko mai sayarwa ba za ta faɗa maka awon abin da ta zuba ba.