Saita kafiretar injin yankan itace da kanka, da tsare ta daga masu musanya

Aikina datse bishiyoyin cikin gari ne: darbejiyar da ta hau kan wayar lantarki, tsohon maɗaci a harabar makaranta, mangwaron da ke neman tsaga katanga. Injin da ya mutu maka kana saman reshe, rabin yanka ya rage, haɗari ne babba. Shi ya sa nake ganin duk mai riƙe da inji ya kamata ya iya saita kafiretarsa, wato abin da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji, ya kuma gane ta da ido. Wanda bai san kamannin tasa ba, ranar da aka musanya masa ita ma ba zai sani ba.

Kafin ka ɗauki sukurudireba, duba abubuwan da ake ɗora wa kafireta laifinsu. Iyakilina, wato matatar iska, ce ta farko, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke toshe ta cikin yini guda. In ta toshe iska ta ragu, mai ya yi yawa, inji ya kama hayaƙi. Ka saita a haka, ranar da ka wanke ta sai saitin ya koma ƙarancin mai, wanda shi ke cinye fistin. Duba filogi, tazarar bakinsa rabin milimita ce a yawancin injuna. Duba matatar da ke cikin tanki da ragar salansa. Sai mai: kamfanonin ƙera injin, Stihl da Husqvarna, sun ce 50 da 1 idan da man haɗi mai kyau ne, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. Baƙin man mota ba na wannan aiki ba ne, ko wa ya ce maka yana yi. Haɗin da ya wuce wata guda a jarka kuwa, kar ka zuba shi.

Sukuru uku ne. L na ƙaramin gudu, H na cikakken totur, na ukun shi ne na silo, wato gudun inji in ba a danna totur ba, wanda Stihl ke rubuta wa LA, Husqvarna kuma T. A L da H, ɗaurewa rage mai ne, kwancewa ƙara mai. Idan an riga an dagula saitin, ɗaure su a hankali har su tsaya, ban da matsawa, domin bakinsu kamar allura yake, matsi kaɗan ke lalata mazauninsa. Sannan ka kwance kowanne zagaye ɗaya. A nan injuna da yawa ke farawa, amma in an rubuta wani abu daban a jikin murfin naka, bi nasa.

Tayar da injin da faifan yanka da sarƙa a jikinsa, ka bar shi ya yi zafi na 'yan mintuna. Fara da L. Ɗaure kaɗan kaɗan, za ka ji gudu ya ɗaga sannan ya fara faɗuwa. Koma baya har ya fara sarƙewa. Tsayar da shi a tsakani, ka ɗan karkata ɓangaren yawan mai. Yanzu danna totur farat ɗaya. In ya shaƙe kafin ya ɗauka, mai ya yi kaɗan, kwance L ɗan tsito. Daga nan ka gyara silo yadda injin ba zai mutu ba, sarƙa kuma ba za ta motsa ba. Wannan ba abin sassauci ba ne ga mai hawa bishiya, tunda injin yana rataye kusa da cinyarka.

H ne inda ake asarar kuɗi. Yara masu koyo suna son su ji inji yana ƙara siririya mai tsini, wai ya fi ƙarfi. Wannan ƙarar alamar ƙishirwa ce. Man da ke sanyaya fistin da shafe shi a cikin fetur ɗin yake, ka rage fetur ka rage shi. Abin da kake nema, idan ka danna totur duka ba tare da itace ba na daƙiƙa biyu ko uku, shi ne ƙara mai ɗan gurgura, wadda ke washewa da zarar sarƙa ta nutse cikin itace. Bayan ka yi yanka sosai cire filogi ka duba launin bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske daidai ne, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat kuwa ka tsaya nan take. Wanda ya saita a Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200 iska kuma ba ta da kauri, ya ɗan kwance H don ƙara mai in ya gangaro Lafiya ko Lokoja.

Idan ka kwantar da injin gefe silo ya canza, ko sai ka kwance L da nisa kafin ya zauna, iska ce ke shiga ta wani wuri, galibi ta robar kirankishaf ko tiyon da ya tsage. Sukuru ba ya maganin wannan. Sababbin injuna masu M-Tronic ko AutoTune, wato masu saita mai da kansu, ba su da L da H da za ka murɗa.

To, batun sata. Kowa na tsoron a ɗauke injin ɗungurungum, amma satar da ta fi wuyar ganewa ita ce ta kayan ciki. Ka ba da haya ko ka bar shi ya kwana wurin gyara, a cire kafiretarka ta asali, ƙirar Zama ko Walbro ko Tillotson, a ɗaura ta jabu, wadda ba ta riƙe saiti, kai kuma ka yi ta murɗa sukuru kana zargin fetur. Cire murfi yau ka ɗauki hoton suna da lambar da aka buga a jikin kafiretarka. Ɗiga fenti ko jan farce a kan notocin da ke riƙe da ita, yadda duk wanda ya kwance zai fasa shi. Haka za ka yi wa kwal, mai ba filogi wuta, da silinda. Ni ba na ba da hayar inji sai da yarona a tare da shi.

Lambar injin kansa tana buge a jikin ƙarfensa, ta Stihl lambobi 9 ce. Ɗauki hotonta tare da rasit, ka tura wa wani ɗan'uwa don kar su tafi da wayarka. Ƙara wata alama taka a wurin da sai an kwance murfi ake gani. A wurin aiki, lokacin sallar azahar da cin abinci ne ake ɗauke inji daga bayan mota, don haka a riƙa tafiya bi da bi, ko a zura sarƙa da kwaɗo ta cikin mariƙinsa a ɗaure da jikin motar. Da dare ya kwana a ɗaki.

In ƙaddara ta faɗa, kai lambar ofishin 'yan sanda a ranar, sannan ka zagaya wurin kanikawa da masu sayar da na hannu ka ba su ita, domin can yake ɓullowa. Kai ma in aka kawo maka inji da araha, lambarsa a goge, ba rasit, bar shi. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar Najeriya.