Saƙo ya iso Yamai amma bai iso hannu ba: kurakuran da aka fi yi

Kwana uku kafin babbar sallar bara, yayata da ke Tawa ta aiko mana da kwali guda: turmin atamfa biyu, cuku, da wata ƙaramar salula da ta saya wa ɗana. Kwalin nan ya ratso Ƙonni, ya ratso Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500, ya sauka Yamai ko ƙwarzane babu. Ƙanena ya karɓo shi a tasha da hantsi, da yake aiki zai wuce sai ya tare ɗan kabu-kabu ya ɗora masa, ya ba shi lambata. Yaron ya kira ni ina tsakiyar aiki, maiɗakina kuma ta tafi kasuwa. Na ce masa, "Ka ga samarin da ke shan shayi a ƙofar gidan? Bar shi wajensu." Bayan magariba muka buɗe. Atamfa na nan, cuku na nan, salula kuwa ko sama ko ƙasa.

To, wa zan kama? Ƙanena, ko ɗan kabu-kabun da ko sunansa ba mu sani ba, ko ƴan fada su bakwai su takwas, wannan ya tashi wancan ya zauna, ko yaron maƙwabta da suka aika ya shigo da kwalin? Samarin nan a gabana suka girma, da iyayensu muke sahu ɗaya a masallaci.

Tun ranar nake sauraron irin waɗannan labarai da kunnen wanda ya ƙone, kuma galibin waɗanda nake ji kamarsu ɗaya. Ba ɓalle ƙofa ake yi ba, ba a kan doguwar hanya kayan ke salwanta ba. Suna ɓata ne lokacin da suke fita daga wannan hannu zuwa wancan, inda babu wanda zai ce "ni aka damƙa wa." Mu da bakinmu muke buɗe wannan kafa.

Babban kuskuren shi ne kalmar nan da na furta, "bar shi wajen wane." Wajen mai shago, wajen mai shayi, wajen maigadin gidan da ke kallon naka, wajen duk wanda aka tarar. Ba wai mutanen nan ɓarayi ba ne. Mai shago yana da ciniki a gabansa, zai tura kwalin bayan firji ya manta, in ya tafi salla ƙanensa ya zauna, wani ya zo ya ce an aiko shi, a miƙa masa. Gyaran shi ne tun kafin kaya su taso a tsayar da mutum ɗaya da zai karɓa, da sunansa da lambarsa. In wannan mutumin ba ya nan, gara kayan su koma inda suka fito ka sake biyan kuɗin kawowa. In kuma dole sai an ajiye wa mai shago, kai za ka kira shi da kanka, ka ji muryarsa yana cewa ya karɓa, mai kawowa ya ɗauki hoton kwalin a hannunsa ya turo maka.

A gidajen haya masu ɗakuna da yawa abin ya fi muni. A ce wa yaro "ka ba Hajiya," alhali Hajiya uku ne a tsakar gidan, kowace kuma tana jiran saƙon salla daga wani wuri. Dabarar da na koya daga wata mai sayar da turaren wuta ba ta cin ko dala: yaronta ba ya miƙa kaya sai ya buga lambar da aka ba shi, ya ga wayar ta yi ƙara a hannun wadda ke tsaye gabansa.

Sai kwatance. Titunan unguwanni da dama na Yamai suna da alluna masu haruffa da lamba, irin su KK a Kwara Kano ko YN a Yantala, amma mutum nawa ne ya haddace na ƙofar gidansa? Abin da muka iya shi ne "in ka wuce farmasi, kwana ta biyu, gida mai jan ƙyaure kusa da darbejiya." A Talaje ko Banifandu gida mai jan ƙyaure kusa da darbejiya ya fi a ƙirga. Sai yaro ya yi ta zagaye da kaya a bayan babur yana tambaya, "Ina ne gidan wane?" Ya sanar da layi guda ke nan cewa an kawo wa wane kaya, kuma bai san fuskar wane ba. Mai mugun nufi abin da yake jira ke nan: "Ai yayana ne, kawo in shigar masa." Ka tura masa alamar wurin da kake ta WhatsApp. In wayarsa ƙarama ce, ka fito ku haɗu a gidan mai ko bakin masallacin Juma'a.

Wasu kurakuran kuwa tun daga wajen mai aikowa suke farawa. Mutum ya sayi talabijin ko salula, ya aiko ta cikin kwalinta na kamfani, ga hoto ga suna, kamar talla. A saka shi cikin tsohon kwalin sabulu ko na taliya, a naɗe da buhu. A rubuta suna da lambar mai karɓa da na mai aikowa da babban alƙalami a gefe biyu, a jefa wata takardar mai ɗauke da su a ciki, don rubutun waje yana gogewa, balle da damina. Abin da ya ci ni a kwalin yayata shi ne salatif: an yanka an sake liƙawa da irinsa, ido ba zai gane ba. Da ta sa hannu a kan mahaɗar, rabin rubutun kan salatif rabi kan kwali, ta ɗauki hoto ta turo min, da kallo ɗaya ya isa a san ko an taɓa, kuma a san a hannun wa.

In salula ce ko da ta hannu ce, a rubuta lambarta ta asali kafin a rufe kwali. Ana kiranta IMEI, lambobi 15 ne, tana jikin kwalin wayar, kuma tana fitowa in an danna *#06#. Canza layi ba ya canza ta.

A tasha akwai hanya biyu, kowa ya san su. Ko ka je gishen saƙonni na kamfanin bas, a duba, a rubuta, ka biya, a ba ka resi. Ko ka laɓe bakin mota ka roƙi wani fasinja ko yaron mota ya riƙe maka don ka rage kuɗi. Ta biyun tana tafiya daidai sau tara, ran na goma fasinjan ya sauka a Doso da kayanka, ko wayarsa ta mutu, kai kuma babu takardar da za ka nuna wa kowa. Akwai kuma masu zuwa gishe su yi ƙarya: a tambaye su me ke ciki, su ce tufafi, alhali kwamfuta ce. Ran da ta ɓata, tufafi ne rubuce a littafi, a kan tufafi za a yi magana. Kuɗi kuma a daina cusa su cikin aljihun riga ko cikin garin kunu. Ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, ba don komai aka buɗe su ba sai wannan.

Resin nan shi ne mabuɗin kayanka, amma dubi yadda muke yi da shi. Mai aikowa ya ɗauki hotonsa ya jefa a zauren WhatsApp na dangi mai mutum tamanin, har da waɗanda ba a san lokacin da aka saka su ba, ya rubuta "saƙon Inna ya taso." Suna na nan, lamba na nan, tasha na nan. A tura wa mai karɓa shi kaɗai. Shi kuma ya je ran da mota ta iso, da katinsa na ɗan ƙasa, kada ya bar kaya su yi mako a ɗakin ajiya, musamman gab da azumi ko salla lokacin da kwalaye ke hawa kan juna har rufi. Ya duba ɗaurin a gaban ma'aikacin kafin ya sa hannu. Wanda ya sa hannu ya tafi gida, gobe ya dawo da ƙorafi, ya riga ya raunana maganarsa.

Kan ƴan kabu-kabu ba zan tsawaita ba, don mafi yawansu masu neman halak ne, rana tana dukansu daga Harobanda har Lazare. Kuskuren namu ne, da muke tare wanda muka gani a titi mu ɗora masa kayan jika ɗari. Ka sami guda ko biyu da ka san inda suke tsayawa, abokan sana'arsu sun san su. In baƙo ne, ka karɓi lambarsa ka buga a gabansa, ka ɗauki hoton lambar babur, kuɗin aikin kuma a biya shi can in ya kai. Wanda ya ji haushin hoto, bar shi ya wuce.

Haka masu sayayya wajen ƴan kasuwar Facebook da WhatsApp. Kada ka tura kuɗi duka ga wanda ba ka san shagonsa ba. In kaya sun zo, buɗe su mai kawowa yana tsaye. Kunya ce ke hana mu, wai kada ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Shi ma kariyarsa ce, don in takalmi ƙafa ɗaya ne a ciki, an gani tare.

Wata satar ma babu kaya a cikinta sam. A kira ka da ladabi, har da faransanci mai daɗi, a ce kana da saƙo daga Faransa ko Abijan ya maƙale a duwan, wato kwastan, ka turo jika kaza a fitar. Mutanenmu na Adar, can yankin Tawa, da kusan kowane gida yake da ɗa a ci-rani, su ne abin ya fi saurin kamawa, don dama ana sa rai. Kuɗin duwan a ofis ake biyansu a karɓi takarda, ba a lambar wayar wani ba. Kafin komai ka kira wanda aka ce ya aiko. Kuma duk wanda ya ce ka karanto masa lambobin sirri da suka shigo wayarka, kashe kiran.

Gidan waya fa? Mu nan wasiƙa akwati take zuwa, shi ya sa adireshin ma'aikatu yake ɗauke da BP, wato lambar akwatin gidan waya. Sau da yawa akwati ɗaya ne na ma'aikata guda, ko na wani kawu da zuriya duka ke amfani da shi, mabuɗi yana yawo hannu zuwa hannu. Takardar sanarwar isowar kaya ta faɗa ciki, wanda ya buɗe ya sa a aljihu ya manta. Wasu kuma kuɗin hayar akwatin ya ƙare ba su sabunta ba, suna ta ba da lambar. Takarda mai muhimmanci, irin shaidar karatu ko takardun fili, kada a aiko ta a matsayin wasiƙar yau da kullum. A yi mata rajista, wadda sai an sa hannu ake bayarwa, a kuma ajiye kwafinta. Saƙon ƙasar waje mai rajista yana da lambar bibiya mai gurbi 13: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da ya fito, FR in Faransa ce, CN in Sin ce. Ka nemi wannan lamba wajen mai aikowa tun ranar farko, da ita za ka tambaya a Niger Poste, ba da "wani kwali ne ruwan ƙasa" ba.

In kuma abin ya riga ya faru, kuskuren ƙarshe shi ne jinkiri. A ranar za a bi sawu, tun kowa yana tuna wanda ya gani: a koma tasha da resi, a nemi ganin littafin da aka sa hannu, a kira mai kawowa, a tambayi mutanen ƙofar gida cikin mutunci ba tare da nuna yatsa ba. Sau da yawa in aka ji ana tambaya tun da zafinta, kaya kan "fito" daga inda ba a zata ba, a ce yara ne suka ɗauka. In abu mai daraja ne a kai rahoto komisariyar unguwa.

Ni sai da na yi mako guda ina jin nauyin maƙwabta kafin na je. Jami'in ya saurare ni tsaf, ya ɗauki biro, ya ce in ba shi lambar IMEI. Na fito waje na kira Tawa. "Yaya, kwalin wayar nan yana nan?" Ta yi shiru, na ji tana tambayar yara. Can ta dawo ta ce autanta ya yanka shi tun ranar, ya yi mota da shi.