Kafin ka biya kuɗin karatun MBA

MBA digiri na biyu ne a kan gudanar da kasuwanci. In shugabanci kake nema, ka fara aiki tukuna, ko na shekara 3 ne. Ni sai da na riƙe yaran shago huɗu a Kantin Kwari kafin na shiga aji, shi ya sa darasin shige da ficen kuɗi ya zauna mini daram. Zaɓi makarantar da ke koyarwa da matsalolin kamfanoni na gaske, salon da jami'ar Harvard ta Amurka ta yi suna a kai. Abin da aka koya maka ranar Asabar, gwada shi ranar Litinin.

Amma sallamar ma'aikaci mai iyali, ko sasanta yara biyu da suka daina ga-maciji, wallahi aji bai koya mini ba. Wannan kam nemi dattijon kasuwa ka riƙa zama kusa da shi.