Ganin tsaunin ƙanƙara a Passu da ɗan guzuri kaɗan

'Yan uwa masu niyyar zuwa arewacin Pakistan, ku bar jirgi ku shiga bas daga Rawalpindi zuwa Gilgit ta hanyar Karakoram. Zaman akwai gajiya, amma kuɗin da za ku rage ya ishe ku masauki. Ku ciri kuɗi tun a Gilgit, don a ƙauyukan gaba sai tsaba.

In kun isa Passu, wani ƙauye da ke arewa da Gilgit, ku bi ta tafkin Borith da ƙafa, za ku hango ƙanƙarar shimfiɗe tsakanin duwatsu. Kallo daga gefe kyauta ne. Amma hawa kanta, nan kam kada a yi rowa, a ɗauki ɗan jagora na gari. Akwai ramuka masu zurfi da dusar ƙanƙara ke rufe bakinsu, baƙo ba zai gane su ba.

Ku yi sammako. Da rana ta take ƙanƙara na narkewa, rafin da kuka tsallake da safe sai ya cika, duwatsu kuma su riƙa gangarowa. Baƙin tabarau dole ne, hasken yana ƙona ido ko da hadari.