Darasi na Tara: Shiga Intanet a Asirce da Iyakar Sirrin

Duk lokacin da mutum ya buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, kamar Chrome ko Firefox ko Safari, manhajar tana ajiye sawunsa. Tana rubuta sunan kowane shafi da ranar da aka ziyarce shi, tana tuna abin da aka rubuta a gurbin bincike, sannan tana adana wasu ƙananan fayiloli da ake kira kukis, waɗanda shafuka ke sakawa domin su gane mutum idan ya dawo. Shi ya sa idan ka ari wayar wani ka duba saƙonninka, mai wayar zai iya tarar da asusunka a buɗe bayan ka tafi.

Domin magance wannan ne aka ƙirƙiro tagar sirri, wato wata taga ta musamman a burauza wadda ba ta ajiye wannan sawun bayan an rufe ta. Kamfanin Apple ya saka ta a Safari a shekarar 2005, Chrome ya zo da tasa a 2008 da sunan Incognito, Firefox kuma ya biyo baya a 2009. A burauzar Edge sunanta InPrivate.

Buɗe ta ba shi da wuya. A wayar Android, ka shiga Chrome, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama ta hannun dama, ka zaɓi layin da ke ɗauke da kalmar Incognito. Fuskar wayar za ta yi duhu, kuma za ka ga hoton hula da tabarau. A kwamfuta kuwa, sai ka danna maɓallan Ctrl da Shift da N a lokaci guda, ko P a maimakon N idan Firefox kake amfani da shi. Idan ka gama, wajibi ne ka rufe dukkan shafukan sirrin da ka buɗe, domin sai an rufe na ƙarshe ne manhajar take goge kukis ɗin da ta tara. Wanda ya bar ɗaya a buɗe ya miƙa wayar, to ya yi aikin banza.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, kuma sunan da aka laƙaba wa tagar yana da hannu a ruɗin. Tagar sirri tana ɓoye sawunka ne daga wanda kuke amfani da na'ura ɗaya da shi kawai. Kamfanin da ke ba ka intanet yana iya sanin shafukan da ka shiga, haka ma ma'aikata ko makarantar da kake amfani da layinta. Shafin da ka ziyarta yana ganin adireshin IP naka, wato lambar da ke nuna daga wane layi ka shigo, da kusan yankin da kake. Idan kuma ka shiga Facebook da sunanka da kalmar sirrinka, ai ka riga ka gabatar da kanka, babu sauran ɓuya. Hoto ko takardar da ka sauke ma tana nan cikin na'urar har sai ka goge ta da hannunka, kuma tagar ba ta kare ka daga shafukan 'yan damfara.

Wannan batu ya kai har gaban kotu a Amurka. A 2020 wasu masu amfani da Chrome sun kai ƙarar Google, kamfanin da ya mallaki Chrome, bisa zargin yana tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito, kuma a sasantawar da aka bayyana a 2024 kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma ƙara fayyace gargaɗin da ke fitowa a tagar.

Aikin gwaji: ka buɗe tagar sirri, ka nemi sunan wata ƙasa, ka rufe tagar. Daga nan ka taɓa ɗigo ukun, ka shiga tarihin bincike, ka duba ko sunan ƙasar ya fito. Ka sake yin haka a taga ta yau da kullum, sannan ka bayyana wa abokan karatunka bambancin da ka gani.