Yadda ake riƙe kujerar babban alƙali a gasar wasan kati ta Magic

Wasan Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a Amurka a shekarar 1993, shi ne ya buɗe ƙofar wasannin katin da kowane ɗan wasa ke haɗa ƙunshin katinsa da kansa, kuma a gasanninsa ne aikin alƙalanci ya fi samun tsari. A kowace gasa akwai mutum ɗaya da hukuncinsa shi ne na ƙarshe, wanda ko mai shirya gasar ba ya da ikon soke shi, wato babban alƙali. Idan aka ɗora maka wannan nauyi, ka sani cewa sanin dokoki rabin aikin ne, domin sauran rabin yana ga yadda kake sauraron mutane kafin ka buɗe baki.

Kafin ranar, ka zauna da mai shirya gasar ku tabbatar da matakin tsaurin doka da za a bi. Matakan uku ne: na yau da kullum, na gasa, da na ƙwararru. A mataki na farko ana gyara kuskure ne a koyar da ɗan wasa, amma a biyun na sama ana aiki da kundin laifuffuka da hukuncinsu, kuma kowa yana miƙa jerin katinsa a rubuce. Yawan zagaye ya danganta da yawan mutane: daga 17 zuwa 32 zagaye biyar ne, daga 33 zuwa 64 shida, daga 65 zuwa 128 bakwai, sannan takwas na sama su shiga bugun fitar da gwani. Ka raba wa alƙalanka aiki tun da safe, wasu su riƙe binciken ƙunshi, wasu takardun sakamako da agogo, sauran kuma su yi ta zagaya tsakanin tebura. Jawabinka na buɗewa ya zama gajere: sunanka, yawan zagaye, minti 50 na kowane zagaye, da tunatarwa cewa duk wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa gare ka.

Wannan ɗaukaka ƙarar ita ce zuciyar aikin. Idan alƙalin fili, wato mai zagaya tsakanin tebura, ya zo ya ce an ɗaukaka hukuncinsa, kada ka nufi teburin kai tsaye. Ka ja shi gefe ya faɗa maka abin da ya tarar, abin da kowane ɗan wasa ya ce, da hukuncin da ya yanke da dalilinsa. Sannan ka je teburin, ka durƙusa ko ka jawo kujera domin idonka ya yi daidai da nasu, ka bar kowa ya ba da labarinsa ba tare da ɗayan ya katse shi ba. Ka ɗauki katin da ake jayayya a kansa ka duba rubutunsa na hukuma a Gatherer, shafin intanet na kamfanin da ke ɗauke da bayanin kowane kati, domin kalmomin da ke kan tsohon kati sukan bambanta da waɗanda ake aiki da su yanzu. Idan alƙalin fili ya yi daidai, ka tabbatar da hukuncinsa ka bayyana dalili. Idan ya kuskure, ka sauya hukuncin ba tare da ka kunyata shi a gaban 'yan wasa ba, daga baya ku zauna ku tattauna. A ganina, babban alƙalin da ke tabbatar da kowane hukunci don kare mutuncin abokan aikinsa yana zubar da amanar gasar ne gaba ɗaya, kuma 'yan wasa suna gane hakan da wuri. Kada ka manta ka ƙara wa teburin lokacin da maganar ta ci idan ya wuce minti ɗaya.

Hukunce-hukuncen huɗu ne: gargaɗi, faɗuwa wasa ɗaya, faɗuwa karawar gaba ɗaya, da kora daga gasa. Kai kaɗai ke da ikon kora, kuma kai kaɗai ke da ikon kauce wa abin da kundin ya tanada, abin da bai kamata ka yi ba sai a yanayi na musamman ƙwarai. Tausayi kan ja mutum ya sassauta wa yaron da ya rubuta kati 59 a jerinsa maimakon 60, amma idan ka sassauta masa a zagaye na biyu, me za ka ce wa wanda ya yi irin wannan kuskure a zagaye na shida? Haka kuma mayar da wasa baya zuwa inda aka yi kuskure yana buƙatar izininka, kuma kafin ka bayar ka tambayi kanka ko an ja sabon kati ko an ga wani abin ɓoye tun daga lokacin, domin sau da yawa barin wasan yadda yake ya fi ƙarancin ɓarna.

Bincike kan maguɗi shi ne inda ake bukatar sanyin rai fiye da ko'ina. Abu uku sai sun haɗu kafin a kira aiki maguɗi: an karya doka, mai karyawar ya san haramun ne a wasan, kuma yana neman riba da hakan. Mutumin da ya ja kati biyu maimakon ɗaya domin rigunan ledar katin sun manne da juna ba daidai yake da wanda ya ja biyun ya yi shiru yana kallon abokin karawarsa ba. Ka raba 'yan wasan, ka yi wa kowa tambaya a keɓe, ka fara da tambayoyi masu faɗi irin su “Faɗa min yadda wannan juyin ya gudana,” ka ƙirga katin hannu da na fili da waɗanda aka zubar, ka duba takardar da suke rubuta makin rai, wato makin da ya rage wa kowane ɗan wasa a wasan. Idan ka gamsu cewa an yi maguɗi ko an yi maka ƙarya, ka sanar da ɗan wasan a keɓe cikin ladabi, ka ba shi damar rubuta bayaninsa, kai ma ka rubuta naka tun abin bai dushe a ƙwaƙwalwarka ba.

Ka sa ido sosai a zagayen ƙarshe kafin fitar da takwas, domin a nan ne ake jin tayin kuɗi ko kati don wani ya sallama karawa. An yarda 'yan wasa su amince da canjaras a tsakaninsu, amma ba a yarda a haɗa sakamako da wata lada ba, ba a kuma yarda a jefa kwabo don fitar da wanda ya ci ba, kuma caca a kan sakamako haramtacciya ce. Idan agogo ya cika, wanda ke kan juyinsa ya kammala, a ƙara juyi biyar, sannan ka tura alƙali ya tsaya kan kowane teburin da ya rage har a miƙa sakamako ga mai rubuta maki.