Darasi na 9: Hannun uwa da jaririn da ke cikin kwalba

Assalamu alaikum 'yan aji. Yau maganar bakwaini za mu yi, wato jaririn da anka haifa bai cika sati 37 a ciki ba, mu dai ko ɗan wata takwas ne in ya zo da wuri bakwaini muke ce mishi. Kuma suna da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 an haifi wajen miliyan 13.4 a duniya, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma kenan. Nan Sakkwato ma akwai ɗakin irin waɗannan jarirai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ƙanwata ta haihu da sati 31 cikin hunturu, yaron kilo ɗaya da rabi, anka sa shi kwalba, wato akwatin gilashin asibiti mai ɗumama jarirai, da robar abinci a hanci. Kwana biyu tana leƙensa ta gilashi tana kuka ba ta taɓa shi ba, ita a ganinta in ta taɓa shi karyewa zai yi. Ran na uku wata nas ta ce mata, "Maijego, wanke hannu da sabulu ki taho." Ta zura hannu ta 'yar ƙofar kwalbar ta fara shafa mishi baya da kan yatsa a hankali, sai yaro ya zabura ya ware yatsu. Nas ta ce, "Ba haka ba ɗiyata, aza hannun ki bar shi nan." Ta ɗora mata tafi ɗaya bisa kansa, ɗayan ya tallabe ƙafafunsa a lanƙwashe, babu shafa babu motsi. Ina tsaye ina kallo wallahi, ba a jima ba yaron ya saki jiki, numfashinsa ya daidaita, ya kai ɗan hannunsa baki.

To mi ya sa? Ku tuna inda ya fito. Cikin uwa akwai ɗumi da duhu, wuri a matse ko'ina ya miƙa ƙafa zai ji bango, sauti kuma a dushe yake isa gare shi. Wata ukun ƙarshe ne ƙwaƙwalwa take girma da sauri, shi kuwa bakwaini a gadon asibiti zai yi su tsakanin fitilu da ƙarar injina da allura. Jin taɓi shi ke fara nuna a jikin ɗan tayi, gani shi ne na ƙarshe, shi ya sa ake fara mishi da hannu, ido kuma a kare shi, za ku ga an lulluɓa zane bisa kwalba. Shafa sama-sama tsikarinsa take yi, hannu mai ɗumi da ya tsaya wuri ɗaya shi ne ya yi kama da abin da ya sani.

Babban aikin dai shi ne goyon ƙirji, wanda likitoci ke kira goyon kangaru, wata dabba ce mai ɗaukar ɗanta cikin jakar da ke gaban cikinta. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya anka faro shi a 1978 saboda kwalabe sun yi kaɗan jarirai sun yi yawa, yanzu kuwa tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a rana. Mu da munka gaji goyo ba baƙon abu ba ne, gaba kawai ya dawo. A bar jariri da famfas da hula da safa, a aza shi tsaye tsakanin nonuwa fata na taɓa fata, ƙafafu a lanƙwashe kamar kwaɗo, a juya kansa gefe kada haɓarsa ta danne ƙirji, sai a ɗaure da zane daidai ƙasan kunnensa, uwa ta sa riga mai buɗaɗɗen gaba ta jingina. Yana samun ɗumi, yana jin bugun zuciyar da ya saba ji, yana shaƙar ƙanshin nono, nonon ma ya fi zuwa. Kuma maza ku ji, ba aikin mata kaɗai ba ne. Mijin ƙanwata da farko kunya ta hana shi, sai da Innarmu ta ce mishi, "Malam, ɗanka na fa, tuɓe rigar ka amshe shi ta samu ta yi wanka." Daga ranar kullum bayan la'asar shi ke goyon.

Ku yi mishi magana da murya ƙasa-ƙasa, ko karatu ko waƙar reno, tun yana ciki ya san muryarku. Waya a kashe mata ƙara, kada a ƙwanƙwasa kwalba ko a aje kwano bisa kanta, a ciki ƙarar ta fi yadda kuke ji. Turare a haƙura da shi tukuna. Dakashi kuwa don Allah kada a zubar, ko ɗigo biyu ne a tatsa a ba nas ta shafa mishi a baki. Sai wajen sati 32 zuwa 34 jariri ke iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi, kafin nan ta roba ko ɗan kofi ake ba shi, amma ana iya sa shi ya riƙa lasar nono yana koyo. Ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo.

Sai motsa gaɓoɓi. A ciki yaro yana shuri yana tokarar bango, wannan tokarar ke ƙarfafa mishi ƙashi da tsoka, a kwalba kuwa in an bar shi a baje sai kafaɗu da cinyoyi su saba da bajewa. Shi ya sa ake naɗe zane kamar gammo a zagaye shi, hannuwa su dawo kusa da fuska ƙafafu su sami abin tokarawa. In ya yi ƙwari ma'aikatan fisiyo, wato masu aikin motsa gaɓoɓi a asibiti, kan lanƙwasa mishi gwiwa da gwiwar hannu su miƙe a hankali, 'yan mintoci kawai a rana. Wannan kada wadda ta fara shi da kanta sai likita ya yarda an kuma nuna mata. Irin miƙar da tsofaffinmu ke yi wa jinjiri bayan wanka, a ja hannu a murɗa baya a jefa sama a cafe, ba a yi wa bakwaini ko kusa, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa sirara ne ƙwarai.

Kuma shi zai gaya muku in ya gaji. Ya ware yatsu kamar mai cewa tsaya, ko hamma, ko shaƙuwa, ko ya kau da fuska ya banƙare, to a dakata a tallabe shi shiru. In launinsa ya canza ko numfashi ya tsaya a kira nas nan take. In yana barci a bar shi, cikin barcin yake girma.

Bayan sallama a ci gaba da goyon ƙirji a gida, in za a kwantar da shi rigingine, 'yan barka su wanke hannu, mai mura ya tsaya daga ƙofa, ranar komawa asibiti kuma kada ta wuce.

Yanzu ku ɗauko littafi da fensir. Cikakken ciki sati 40 ne. Ɗan ƙanwata ya zo da sati 31, ku ɗebe 31 daga 40, saura 9, wato sati 9 ya riga lokacinsa. In yau ya cika sati 20 da haihuwa a ɗebe 9, saura 11, da ɗan sati 11 za a gwada shi wajen murmushi da riƙe wuya, ba da ɗan maƙwabta da sunka sha suna tare ba. To ga naku: yarinya ta zo da sati 33, yau satinta 16 da haihuwa. Da 'yar sati nawa za a gwada ta? Ku rubuta amsar da lamba, ku kuma rubuta ta da kalmomi, ku taho da ita aji na gaba.